Kilo Bakwai na Bushaib

Shekara talatin da ɗaya ina aikin cuɗa a hammam, wato gidan wankan zafi, na unguwarmu ta Tabriket, a birnin Sale. Wannan aiki kan sa ka san jikin mutum kafin ka san sunansa, kuma haka na san Bushaib Dukkali. Yana ɗan shekara ashirin da biyu ya fara shigowa ɗakin ciki, wanda ya fi zafi, sanye da rigar leda, ya jingina da bango, ba guga ba sabulu. Na ɗauka taɓin hankali ne.

Na ce, "Samari, nan wurin wanka ne. In gasa kanka ka zo yi, gidan burodi na nan gaba."

Ya yi dariya da busassun leɓɓa, ya kira ni da sunan da kowa ke kira na, Ba Jilali, wato Baba Jilali. "Ba Jilali, kilo biyu suka rage mini. Gobe ake awo."

A ranar na san sana'arsa: faɗan keji, wanda ake haɗa naushi da shuri da kokawa. In ba shi da faɗa a gaba, Bushaib kilo tamanin ne. Iyayensa mutanen yankin Dukkala ne, ƙashinsu da nauyi, kuma ba sa wasa da kwano. Amma ajin da yake karawa na kilo saba'in ne. Duk sanda aka sa masa rana sai ya zubar da goma: bakwai da yunwa da gudu a bakin teku, ukun ƙarshe a wurina, zallar ruwan jiki. Bayan awo ya ci ya sha, washegari ya shiga keji ya fi abokin karawarsa ƙarfi. Kowa ma haka yake yi.

Shekara goma sha biyar ya yi a haka. Faɗa talatin da uku, ya ci ashirin da huɗu. Ya je Amman, ya je Manama, sau ɗaya har Poland, inda ya dawo da karyayyen hanci da labarin sanyi. Ya taɓa riƙe kambu na wata goma sha ɗaya. Arziki dai bai yi ba, tsakanin faɗa da faɗa tasi yake ja. Naushinsa ba abin a zo a gani ba ne, amma in ya cafki ƙugun mutum ya kai shi ƙasa, sai dai a jira alƙali ya raba. Matarsa Zhor kuwa kayan zaƙi take yi wa masu biki, gidan kullum ƙamshin zuma da riɗi. Yakan ce Allah na jarraba kowa da abin da zai iya, shi da kicin ɗin Zhor aka jarrabe shi.

Yana da shekara talatin da bakwai aka sa masa faɗa a Rabat, ƙetaren kogi kawai. Safiyar ranar awo ya shigo tare da kocinsa, Si Allal, wani siririn dattijo da ya rene shi a harkar tun farko. Saura kilo ɗaya da ɗigo. Ya zauna minti ashirin, ya fita ya hau sikeli, allura ba ta motsa ba. Ya koma. Da na zo wucewa da guga, na sa hannu ta wuyan rigar na taɓa bayansa. A bushe yake ƙarau, kamar bango. A wannan ɗakin har dutse gumi yake yi. Mutumin da fatarsa ta bushe a nan, jikinsa ya rufe ƙofa ke nan.

Na ce, "Tashi mu fita."

"Minti goma kawai, Ba Jilali."

"Ko ɗaya. Mene ne sunan 'yarka?"

Ya dube ni, bakinsa na motsi, sunan bai zo ba. Na ƙwala wa Si Allal kira, muka kama shi muka fito da shi ɗakin sanyi, na yage ledar na riƙa zuba masa ruwa a wuya. Sai can ya ce, "Ikram." Daga nan ya rufe fuska da hannu.

An yi awo da azahar, ya haura da giram ɗari tara. Abokin karawar ya ƙi yarda, aka soke faɗan. Likita ya duba shi ya ce ƙodarsa ta sha wuya, in ya sake irin wannan sau biyu ko uku, to ya shirya zama da ita a asibiti. A gidan shayin unguwa kuwa sai tsokana. Wani ya ce, "Zakara, an ce kuskus ya kayar da kai tun ba a shiga keji ba." Bushaib ya yi murmushi ya ce ai kuskus ɗin ma ɗan Dukkala ne, ba kunya in ya ka da shi. Amma mako biyu bai leƙa wurin atisaye ba.

Wata Juma'a ya gayyace mu gidansa, ni da Si Allal. Bayan an ci an wanke hannu, Zhor ta kawo shayi ta zauna daga bakin ƙofa. Bushaib ya ce wakilin da ke nemo masa faɗa ya kira shi, ya ce a ajin saba'in sunansa na da daraja, ko yanzu za a iya samo masa manyan faɗa biyu. In ya hau ajin saba'in da bakwai, ba wanda ya san shi, daga ƙasa zai fara, kuɗin ma rabi.

Si Allal ya ce, "Shi wakilin da ƙodar wa zai yi faɗan? Ka hau sama, ɗana."

"Si Allal, ka san mutanen can. Su daga tamanin da takwas suke saukowa. Hannun kowannensu ya fi nawa tsawo da taƙi guda. A saba'in ni ne babba. A can ni ne ƙanen kowa."

"Gaskiya ne. Ba zan ce maka za ka ɗauki kambu ba, don ba na jin za ka ɗauka. Amma za ka shiga da hankalinka."

Bushaib ya juyo gare ni. "Ba Jilali, kai ka cuɗa su duka. Faɗa mini gaskiya."

Na ce na cuɗa su, kuma ƙattai ne, kafaɗarsu kamar ƙofar gareji. Amma yawancinsu yara ne, ba su san abin da ya sani ba. Ban da wannan ba ni da ilimin da zan ƙara.

Sai Zhor ta ajiye butar shayi. "Baban Ikram, shekara goma sha biyu ina zaune da maza biyu a gidan nan. Ɗaya mai dariya, mai ɗaukar 'yarsa a wuya. Ɗayan kuma in an sa rana yake zuwa, ko ƙarar cokali ba ya so, dabino ɗaya sai ya raba shi uku. Ban taɓa ce maka ka bar faɗa ba, yau ma ban ce ba. Na biyun ne dai na gaji da shi."

Bushaib ya miƙa hannu ya ɗauki alewar riɗi ɗaya daga faranti, ya juya ta ya sake juyawa, ya jefa a baki.

Wata biyar suka yi suna gyara shi. Si Allal ya sa shi ɗaga ƙarfe, ya koya masa yadda zai kutsa ƙarƙashin dogon hannu ba tare da ya ba da haɓa ba. Faɗansa na farko a sabon ajin a Kazablanka aka yi, da wani dogon saurayi ɗan Jodan mai suna Muhannad. Na rufe aiki na bi su a jirgin ƙasa, karo na farko da na ga keji da idona. Turmi biyu yaron na caccakar sa daga nesa, gira ta fashe. A turmi na uku Bushaib ya samu ƙugu, ya kai shi ƙasa, ya danne shi har aka buga ƙararrawa. Alƙalai suka ba yaron, kuma sun yi daidai.

Na same shi ana ɗinke masa gira, ina shirya kalmar ban haƙuri, sai na ga yana fara'a.

"Ba Jilali, na tuna komai! Tun daga farko har ƙarshe. Da, turmi na uku kamar a mafarki nake yin sa, sai na kalli bidiyo nake sanin abin da ya faru."

Bayan wannan ya yi faɗa huɗu. Ya shaƙe wani Bamisire a turmi na biyu, ya ci wani ɗan Tanja da maki, ya sha kashi a hannun wani Bafaranshe da ya fi shi komai. A na ƙarshe yana gaba da maki gwiwarsa ta hagu ta goce, ya ƙarasa a tsaye da ƙafa ɗaya, aka ba shi nasara da ƙyar. Bai kai kusa da kambu ba. Mutane dai sun riƙa sayen tikiti don su ga gajeren tsohon nan da ke ka da dogaye.

Yana da shekara arba'in ya daina. Bai yi sanarwa ba, bai yi jawabi ba. Wakilin ya kira shi da tayin faɗa a ajin tamanin da huɗu, wai kuɗin da kauri, ya ce masa ya gode, ya isa haka. Aka yi masa aiki a gwiwa, ya yi wata uku da sanda. Yanzu da safe yana taya Si Allal koyar da kokawa, da rana yana jan tasinsa.

Makon jiya ya kai ni tashar jirgi zan je duba ƙanwata a Kenitra. Duk hanya zancensa ɗaya, wata 'yar gona da kawunsa ya bar masa a ƙauye, wai yana so ya dasa ɓaure da rumman, amma rijiyar ta yi nisa. Ya tambaye ni ko na san mai haƙa na kirki. Na ce akwai wani da ke zuwa wanka ranar Talata, zan yi masa magana.