Ɓawon Gyaɗa a Kan Motar Harlan

Duk wanda ya taɓa shiga tsakiyar filin tseren motoci na garinmu ranar Asabar ya san Odessa Pruitt, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeruwar matar nan mai furfura da ke durƙushe gaban tarin tayoyi, tef ɗin awo irin na tela rataye a wuyanta, alli a bayan kunne. Shekara talatin da huɗu tana wannan aiki, amma ba a taɓa kiran sunanta a lasifika ba. Direba ake kira. Direban da bai san tayar dama da ta hagu ba sai ta rubuta masa da alli.

Tana da shekara goma sha bakwai ta shiga masana'antar safa, ta zauna a can tana awo da ɗinki har ranar da aka rufe wurin aka sallame su. Awon taya kuwa mijinta Virgil, mai walda, ya koya mata. Filin namu rabin mil ne, siffar ƙwai, kuma hagu kaɗai ake juyawa. Don haka dole tayoyin dama su ɗan fi na hagu girma, yadda mota za ta riƙa karkata ta shiga kwana da kanta. Awo ya kuskure da rabin inci, mota ta ƙi juyawa, ta nufi katangar siminti.

Odessa ta san katangar nan sarai. A shekarar da ta haifi 'yarta Nadine, Virgil ya daki katangar kwana ta uku a gaban idonta. Motar ta lanƙwashe kamar gwangwanin da aka taka, amma ya fito ta taga da ƙafarsa, kafaɗa kawai ta karye. Abin da ya tsare shi kejin bututun ƙarfe ne da ya yi wa walda da hannunsa a cikin motar. Ciwo ne ya ɗauke shi bayan shekara ashirin, a kan gadonsa. Daga nan ta koma auna wa yayanta Harlan, wanda ya haura sittin yana tsere, kuma bai taɓa ɗage ƙafa daga totur don wani mahaluki ba.

Sai Nadine ta auro Dewey, likitan haƙori daga jihar Ohio. Mutumin kirki ne, gaskiya. Yana wanke kwanoni ba a sa shi ba, yana rakiyar surukarsa coci. Amma da matarsa ta kai wata bakwai da ciki, maimakon ya nemi gadon jariri, sai ga shi da baƙar mota mai ƙofa biyu, mai ƙarfin doki ɗari bakwai, kujerun fata, har da abin da ke ɗuma wa mutum mazaunai lokacin sanyi. Namiji ke nan.

Ranar Lahadi bayan coci aka taru cin abinci a gidan Odessa. Akwai soyayyar kaza, burodin masara, da shayi mai ƙanƙara. Harlan ya leƙa ta taga ya ga motar.

"Likita, wannan ta kai amarya ce ko ta ɗaukar gawa?"

"Kawu, wannan ta ninka taka ƙarfi," in ji Dewey yana murmushi. "Taka ko ƙofa ba ta da ita. Ta taga kake shiga kamar ɓarawo."

"Ɓarawon da ya ci kofi goma sha ɗaya."

"A zamanin da. Na karanta, Kawu, na ga lissafin. Motar nan tana kai gudun mil sittin a awa kafin ka gama tauna wannan cinyar."

Harlan ya ajiye cinyar kazar. "To kawo lissafin naka fili ranar Asabar da safe, kafin a fara gwaji. Zagaye goma, ni da kai, kafaɗa da kafaɗa."

"Na zo."

Nadine ta dafe cikinta. "Dewey, wasa kake yi, ko?"

Ba wasa yake yi ba. Kowannensu ba wasa yake yi ba.

Odessa ta fita ta durƙusa gaban baƙar motar, ta zagaya tayoyin da tef ɗinta. Duka huɗun girmansu ɗaya, kamar yadda ya dace da motar titi. Ta leƙa ciki: fata, madubi, fitilu kala-kala. Keji babu. Ba sai an gaya mata abin da zai faru ba. A miƙaƙƙiyar hanya motar za ta tashi kamar harsashi, ta isa kwana da gudun da ya fi ƙarfinta, nauyinta duka ya sauka a kan tayar gaba ta dama. Zagaye biyar, shida, tayar ta yi zafi ta saki kwalta, motar ta zame sama zuwa gefen waje mai tudu, wajen katanga. A daidai nan kuwa Harlan yake bi in zai wuce mutum. Shi yana cikin keji, ɗaure da bel biyar. Mijin 'yarta yana cikin kujerar fata mai ɗuma mazaunai.

Ta yi wa Dewey bayani dalla-dalla. Ya saurara cikin ladabi, ya ce, "Mama, kar ki damu, motar tana da na'urar da ke gyara duk wannan." Ta tari Harlan ranar Talata a garejinsa. Ya ce, "Dessa, ɗan tsoratar da shi kawai zan yi." Shekara hamsin da takwas ta san yayan nan nata, ta kuma san yadda tsoratarwarsa take ƙarewa. Ta je wurin Haskell mai filin, tsohon da ya kamata a ce ya fi su hankali. Ya ce ai sun sa hannu a takardar cewa ba ruwansa da abin da zai faru, kuma shi ma yana son ya gani. Maza uku, shekarunsu a haɗe sun haura ɗari da sittin, babu mai hankalin da zai cika cokali.

Akwai wani abu da kowa a filin nan ya sani tun yana ƙarami, ba a ma koya shi. Ba a shiga zangon makanikai da gyaɗa mai ɓawo. Wai tun zamanin kakanni an tsinci ɓawon gyaɗa a cikin motocin da suka yi mummunan hatsari, shi ke nan abin ya zauna. Ƙattin da ba sa tsoron katanga da gudun mil ɗari, su ga ɓawo ɗaya a ƙasa jikinsu ya mutu. Odessa ta sha faɗa a fili cewa wannan shirme ne, taya ce ke kashe mutum ba gyaɗa ba. Amma ta san Harlan ya taɓa janye motarsa daga tsere sukutum saboda wani ɗan kallo ya jefo ɓawo ta saman shingen waya.

Ranar Asabar da hantsi ta tsaya a bakin ƙofar fili da jakar takarda a hannu. Da Dewey ya iso a baƙar motarsa, sabuwar hular kwano a kujerar gefe, ta miƙa masa ta taga.

"Ungo, ɗana. Ba ka karya ba, na sani. Soyayyar gyaɗa ce, da zafinta."

"Kai, Mama, na gode!"

"Ka ba kawunka ma. Kar ka ci kai kaɗai."

Ta bi shi a baya a hankali. Dewey ya faka kusa da motar Harlan, ya fito yana ɓare gyaɗa yana watsar da ɓawo. Makanikan da ke kusa suka fara ja da baya, wani ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Shi kuwa bai lura ba. Ya jingina da motar Harlan, ya ɗora jakar a kan bonet, ya ɓare guda uku ya tara ɓawon a kan lambar tseren da ke rubuce a bonet ɗin.

"Kawu, ga gyaɗa."

Harlan ya fito daga ƙarƙashin mota da sifana a hannu. Ya dubi bonet. Fuskarsa ta yi fari fat.

"Ɗauke. Ɗauke mini wannan abin! Kai wane irin mutum ne? A Ohio ba ku da iyaye?"

"Me na yi?"

"Haskell!" Harlan ya ƙwala kira. "Ba zan hau kwalta ɗaya da wannan mutumin ba. Yau ko keken yara yake tuƙawa ba zan matso kusa da shi ba. Mai cire haƙori ya zo ya kashe ni!"

Haskell ya zo yana tsallake ɓawo kamar mai tsallake garwashi. Aka yi ta cacar baki. Odessa ta bari sai da suka gaji, sannan ta ciro agogon awon gudu daga aljihun rigarta.

"To ku yi ɗaya bayan ɗaya mana. Ga agogo. Kowa zagaye goma, fili nasa shi kaɗai."

Haka aka yi. Harlan ya ƙi taɓa motarsa sai da aka wanke bonet sau biyu, sannan ya zura ƙafafu ta taga ya shige. Tsohuwar motar ta fita da ruri, ba fitila, ba madubin kirki, ba ma allon da ke nuna gudu. A miƙe ba wani abin mamaki ba ce. Amma in ta zo kwana sai ta kwanta a ciki kamar an ɗaure ta da igiya. Zagaye goma, kowanne daƙiƙa ashirin da rabi, kamar an buga su da hatimi.

Dewey ya fita. A miƙaƙƙiyar hanya har makanikai suka yi shewa, don ba su taɓa ganin abin da ya ci wannan tazarar da sauri haka ba. Sai kwana ta zo, ya taka birki, tayoyi suka yi ƙara, motar ta yi ta gardama da sitiyari. Ashirin da uku. Ashirin da uku da rabi. Odessa ba agogon take kallo ba, tayar gaba ta dama take kallo. Nadine na gefenta, ta riƙe mata hannu har farce ya shiga nama.

A zagaye na bakwai, a kwana ta uku, tayar ta saki. Baƙar motar ta zame sama, ta ratsa layin waje inda babu kowa, ta goga gefenta da katanga da wata doguwar ƙara, madubi ya tashi sama. Ta gangaro kan ciyawa ta tsaya.

Ƙofa ta buɗe. Dewey ya fito, ya cire hular kwano, ya zauna daɓas a ƙasa.

Sai a lokacin Odessa ta ajiye agogon. Ta zauna a kan taya, ta saki wani numfashi da ta riƙe tun ranar Lahadi. Nadine tana kuka tana dariya tana zagin mijinta, duk a lokaci guda.

Harlan ya riga kowa isa wurin. Ya duba surukin nasu sama da ƙasa, ya ga ko ƙwarzane babu, sai ya nuna shi da yatsa.

"Ka gani? Ka ga aikin gyaɗa? Da ina gefenka fa?"

"Kawu, tayar ce ta yi zafi. Mama ta faɗa mini tun..."

"Gyaɗa ce! Wa ma ya ba ka ita?"

Dewey, da yake ba ya ƙarya ko a inda ta dace, ya juya ya dubi surukarsa.

Harlan bai yi wa Odessa magana ba har mako shida. Ranar Asabar sai ya turo mata tayoyi da ƙafa, ta auna, ta rubuta da alli, ta turo masa. Ta ce ba ta taɓa samun hutun kunne irin wannan ba tun suna yara. Ranar da Nadine ta haihu ne ya shigo asibiti da hula a hannu, ya tsaya a bayan ƙanwarsa yana kallon jaririyar a hannun ubanta.

"Dessa," ya ce ƙasa-ƙasa, "tayar baya ta dama kamar ta ragu."

"Na gani," in ji ta. "Kawo ta gobe."