Hannun Inna a Marina

Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Na yi yawo da kyamara daga Sudan zuwa Masar har Faransa, ina ɗaukar fuskokin mutanen da ban san iyayensu ba, amma tawa uwar ta hana.

A Alƙahira na koyi wani aiki da ba ruwansa da kyamara. Ana shafa wa farin ƙyalle ruwan magani, ya bushe a inuwa, a ɗora abu a kai, a fitar rana. Inda rana ta taɓa ya zama shuɗi, inda abin ya tare ya zauna fari. Da na dawo garinmu Ƙofa na lallashe ta, na ce ba fuska, hannu kawai. Ta ɗora tafukanta da mazarinta a kan alawayyo, tana mitar rana za ta dafa ta. Na ɗauraye, sai ga yatsunta farare, har da wanda kaɗi ya lanƙwasa. Irin wannan guda ɗaya ne, ba a wanko wani. Ba ta ga damina ta gaba ba. Na rataye ƙyallen a bangon ɗakina.

Bara na tafi ɗaurin aure Doguwa. Ƙanwata da ke aure a Badafi ta zo ta gyara mini ɗaki. Na dawo, bango wayam.

"Ina ƙyallen?"

"Mai dabbare-dabbaren nan? Na kai marina, Yaya. Wanda ya rina maka ya cuce ka, shuni bai kama ba."

"Hannun Inna ne!"

"Hannu kuma? Ni dai tabo na gani."

Na hau acaɓa sai marina. Marinin ya tare ni da fara'a.

"Alhaji, sau bakwai na tsoma shi. Farin nan akwai taurin kai, amma na gama da shi."

Har bugu an yi masa, yana ta ƙyalli. Na ɗaga shi saitin rana, ko inuwar farce babu. A Faransa na ga ana sa safar hannu kafin a taɓa wanda bai kai shi daraja ba. Mu nan, mutum ya shiga ɗakinka, ya cire abu daga bango, ko tambaya babu, ya kira shi taimako.

Ƙanwata ta yi kuka, ta ce in yafe, na ce na yafe. Bayan mako biyu ta ce, "Yaya, tunda ya lalace, ba ka ba ni in yi kallabi ba?"

Na miƙa mata. Da shi take zuwa biki, mata suna yaba rinin. Duk gidan da na hango shi a kanta, takalmina nake nema.