Yadda Birai Suka Ninka Huɗu

Tela ya shekara talatin a kan keken ɗinki kafin bayansa ya ce ya gaji. Ido kuwa garau. Shi ya sa 'yar ƙanwarsa ta samo masa aiki a ofishin masu binciken namun daji, hawa na biyu, ɗaki mai fanka ɗaya da kwamfuta uku.

Aikin ba wuya. An ɗaɗɗaura kyamarori a bishiyoyin wani dajin da aka hana shiga, duk abin da ya gifta sai su ɗauka. Shi nasa ya dubi hoto ya danna: zomo, dila, biri, mutum, ko ba komai. Daga dannawar tasa kwamfutar ke koyon gane dabbobi. In ya danna mutum, hoton ya wuce wurin masu gadin daji, su kuwa ba su san wasa ba.

Wata Talata sai ga yayan matarsa a allo, gatari a kafaɗa, ya tsura wa kyamara ido kamar mai hoton fasfo. Tela ya tuna masu gadi, ya tuna bakin matarsa. Ya danna biri.

Mutumin bai ji an zo kama shi ba, sai ya gayyato abokai. Wata uku Tela na danna musu biri. Ita kwamfuta ba ta da surukai, abin da aka koya mata shi ta riƙe, har ta fara yi da kanta.

Shugabar binciken ta kira shi.

"Baba, birai sun ninka huɗu. Har na fara rubuta rahoto." Ta juyo masa allon. "Sai na ga wannan yana da agogo."

"Zamani ne, Dakta."

"Wane ne shi?"

"Ni dabbobi aka ɗauke ni in gane, ranki ya daɗe."

Ta ce ko suna, ko ƙofa. Tela ya ɗauki kofin shayinsa ya sauka.

Labari ya kai wa yayan matar. Ya zo har gida, bai ko zauna ba.

"Ni ne biri? A gaban masu ilimi?"

"Yaya, zomo ba ya riƙe gatari."

Ba a kama kowa ba. Tela ya koma kan keken ɗinkinsa da filo a baya, kuma har yau in sun haɗu a hanya, yayan sai ya kau da kai.