Na Je Dakoro Don In Tona Ƙasa Da Hannuna

Mun tashi daga tashar Maraɗi ana sallame sallar asuba. Ba ziyara ta fitar da ni ba. Ana gobe zan tashi, da la'asar, ƙanena, autan gidanmu, wanda ke riƙe da gonar mahaifinmu a wani ƙauye na yankin Rumbu, ya kira ni yana murna cewa an yi ruwa, za su fita shuka. Na ce masa ruwan ya kai ina a ƙasa? Ya ce shi dai bai taɓa jin ruwa mai ƙara irin wannan ba. Sai na tuna bana ya rufe ɗakinsa da kwano, shi da ya tashi a ƙarƙashin jinka.

Bara sau biyu suka shuka, sau biyu ta ƙone. Abin da ya rage na irin hatsin da muka gada tiya bakwai ne, babu ƙari. Idan aka zuba shi a ƙasar da ba ta sha ba, zai tsiro ya mutu. Na roƙe shi ya saurara mini zuwa azahar ta washegari. Ya ce to, amma irin "to" ɗin da na san ba ta da ƙarfi.

Kuɗin mota jika uku ne. Mu goma sha tara a ciki, ban da buhunan masara da wani ɗan kasuwa zai kai arewa, da akuya guda da aka ɗaure a sama tana ba mu labarin halin da take ciki. Bayan Tibiri muka karkata arewa. Ni dai idona na kan gonaki. Duk an share su an watsa taki, ƙasa fara fat, tana jira.

Kusa da ni akwai wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da ke koyar da Ingilishi a Dakoro. Ya ga ina rubutu a ɗan littafina daga dama zuwa hagu, ya tambaya, na ce ajami ne, ina rubuta inda aka yi ruwa da inda ba a yi ba. Ya yi dariya ya ce shi ma darasin da ya shirya wa ɗalibansa ke nan. Wai Turawan Ingila suna da sunaye da yawa na ƙaramin ruwa: akwai na wanda ke sauka kamar hazo, da na wanda ke zuwa ya wuce kafin mutum ya buɗe lema, har da wanda suke kamantawa da tofin yawu. Wata tsohuwa a bayanmu ta ce, "Su mi suke nomawa da shi?" Ya ce ba noma ba ne, Inna, so suke su san ko za su ɗauki lema. Ta ce, "Allah Sarki. Mu nan in ka ga mutum ya buɗe lema don yayyafi, baƙo ne." Aka shiga lissafa namu: yayyafi, tsattsafi, feshi, da wanda ake ce wa ya dai kwantar da ƙura. Malamin ya rubuta nasa da boko, ni na rubuta nawa.

A Sabon Maci muka tsaya. Ƙosai na dala ashirin ya ishe ni, mai zafi, an barbaɗa yaji. Ban zauna ci ba, na zagaya bayan tasha na kartsa ƙasa da yatsa. Busasshiya. A Ajekoriya kuwa akwai ɗigon ruwa a kan yashi kamar zanen ƙyanda, mutane har sun fito da sungumi a kafaɗa. Na ja carbi, ina roƙon Allah Ya sa direba ya rage gaisuwa a kowane shinge.

Mun shiga Dakoro da hantsi. Kasuwa ta fara cika, Buzaye da raƙumansu, Fulani da ƙoren nono. Na sayi cuku biyu da ganyen shayi don kada in shiga gida hannu sake, na yi ciniki da mai kabu-kabu a jika biyu. Hanyar yashi ce zalla. Sau uku na sauka muka tura babur, shi yana ba ni haƙuri, ni ina ba gwiwoyina.

Ban tarar da kowa a gida ba sai kaji. Na wuce gona kai tsaye. Ga autan da sungumi ya riga ya sara layi huɗu, matarsa na tsaye da ƙwaryar iri a hannu, ba ta fara zubawa ba. Maƙwabcinmu na gabas kuwa ya kusa raba gonarsa biyu.

"Yaya, ai azahar ta yi," in ji autan, ko gaisuwa ba mu gama ba.

"Ba a kira ba tukuna. Auta, ajiye sungumin nan, zo ka duƙa."

Haka mahaifinmu yake yi, haka ya koya mini. Ba a tambayar sama, ƙasa ake tambaya. Ka tona da hannu har wuyan hannunka ya nutse, ka debo ta ƙasan, ka matse. Idan ta dunƙule ta tsaya, ruwan shuka ne. Na yi bisimilla na tona. Danshin bai wuce faɗin yatsu uku ba, daga nan sai yashi mai ɗumi yana zurarewa ta tsakanin yatsuna. Muka tona a tudu, muka tona a kwari, wuri biyar. Na ƙarshen na ce shi ya tona da kansa. Ya matse, ya buɗe tafinsa, iska ta kwashe.

"To kowa na shuka, ni in koma gida a yi mini dariya?"

"A yi. Ka ce ni na hana, tsohon Maraɗi mai taurin kai."

Matarsa ta rufe ƙwaryar da faifai, ta ɗora a kai, ta kama hanyar gida. Muka bi bayanta. Shayin da muka sha bayan azahar, autan bai ko dube ni ba.

Na kwana ɗaya na dawo ta hanyar da na bi, na iso Maraɗi da la'asar, ƙafafuna a kumbure. Abin da na koya shi ne akwai maganar da ba ta yiwuwa a waya. Da na tsaya ina yi masa bayani daga nesa, da mun yi musu kawai. Hannunsa ne ya gaya masa, ba ni ba.

Kwana tara sama ba ta sake zubowa ba. A na goma aka yi ruwa na gaske. Ya kira ni, ya ce ya tona har ya wuce wuyan hannu, kuma ta dunƙule. Sannan ya ce shukar maƙwabcinmu ta tsiro ta bushe, ba shi da ko ƙwaya a rumbu, ya zo ya zauna a ƙofar gida ya kasa roƙon iri.

Na ce ya auna masa tiya biyu, mu biyar ta ishe mu idan aka rage hannu.

Ya ce, "Ai na riga na ba shi, Yaya. Faɗa maka nike."