Ƙwaryar Nono a Kujerar Baya

Ƙarshen damina ne, kogin Binuwai ya cika maƙil. Shekarar ba ta zo da daɗi ba. Zazzaɓi ya ɗauke yara biyu a layinmu, ni kuwa ko ƙofa ce ta buga sai gabana ya faɗi.

A lokacin maigidana direba ne wurin wani Alhaji mai fataucin gyaɗa a Garwa. Alhajin ya sayi wata tsohuwar baƙar mota hannun Baturen da zai koma gida, mai kujerun fata da katako mai sheƙi a gaba. Bayan kwana biyu za a kai mahaifiyar Alhajin garin Mokolo a cikinta, hanyar nan ta duwatsu. Tsohuwar tana fama da baya, shi ya sa ya ce a gwada taushin motar: a cika ƙwarya da nono, wani ya riƙe a kujerar baya. Aka ce ni ce mai natsattsen hannu.

Da hantsi muka tashi, Alhaji na gaba. Gaskiya taushi kam akwai shi. Mu faɗa rami, motar ta lotsa ta taso a hankali kamar kwalekwale.

"Uwar yara, ya zube?" in ji Alhaji.

"Ko ɗigo, Alhaji."

"Ka ji ko? Katifa ce aka sa wa taya."

Amma ni hannun maigidana nake kallo. Sai ya murza sitiyari kusan ɗani guda kafin motar ta amsa. A kan gada wani jaki ya gitta. Ya murza, motar ta ci gaba da miƙewa kamar ba da ita ake ba. Na hango jan ruwa ta tsakanin ƙarafa. Sai da na kai rabin salati sannan ta karkata. Ƙeyar maigidana ta jiƙe sharkaf da gumi. Alhaji bai lura ba, nono yake waiwaye.

A gida, da na kawo masa tuwo, na ce, "Malam, sitiyarin nan ba ya jin magana."

"Rufa mini asiri. In na kushe motar da yake tinƙaho da ita, gobe wani ne direba."

"Kwana-kwanar hanyar Mokolo fa? Ƙasa rami ne."

"Allah na nan," ya ce, amma tuwon ko taɓawa bai yi ba.

Ban taɓa tsallake maganarsa ba. Washegari da safe na dama fura a ƙwaryar nan, na goya ƙaramar 'yata, na tafi wurin tsohuwar. Bayan gaisuwa na durƙusa na ce, "Inna, nono bai zube ba jiya, amma saura ƙiris mu zube a kogi."

Na faɗa mata duk abin da na gani. Da na gama, ta aika a kira mata ɗanta. Na gyara goyo, na zauna ina jira.