Auduga a Hular Dattijo

Ina zaune a inuwar darbejiya, bakin wata kotun shari'a a Malumfashi. Kusa da ni wata dattijuwa ce tsaye, siririya, shuɗin mayafinta ya koɗe. Tafin hannunta duk kanta, irin na wadda ta daɗe tana sussukar dawa. Ta riƙe takarda kai a ƙasa.

Lauyarta, matashiya mai tabarau, ta rusuna tana yi mata bayani.

"Inna Kulu, alƙali ya tabbatar, saki ɗaya ne. A ɗakinki za ki yi idda, ba mai tashin ki."

"To, 'yar nan. Allah ya yi albarka."

Amma idonta na bakin titi, inda wani dattijo ke zaune kan babur, bai tayar ba, bai kuma sauka ba. Raina ya ba ni mijin ne, kuma tare suka zo daga Dayi da safe. Ina ƙiyasta damina talatin a tsakaninsu, rumbu ɗaya, 'ya'ya sun watse birni. Abin da ya raba su, Allah masani.

Ta taka a hankali ta isa wurinsa. Ɗan ɓurɓushin auduga ya maƙale a hularsa. Hannunta ya kai ya cire, tun kafin ta tuna. Sai ta tsaya tana kallon audugar, ta rasa inda za ta ajiye ta.

"Hau mu tafi," in ji shi, bai waiwayo ba.

Ta sa audugar cikin takardar sakin, ta ninke, sannan ta hau.