Buhun da Ban Buga Ba

A shekarun farko bayan sojoji sun koma bariki, lokacin da hotunan 'yan takara suka rufe bangaye daga Gyaɗi-Gyaɗi har Tarauni, ina da rumfar kafinta a bakin titi, jikin shagon wani mai aski. Ƙanen mai askin ne ya aiko masa da na'urar gem, irin ta wasa a talabijin, daga ƙasar waje, cikin kayan gwanjo. Ya ajiye ta a bayan shago, ya jona ta da tsohuwar talabijin ɗinsa. Don yaran unguwa aka ajiye ta, amma kafin damina ta wuce magidanta sun ƙwace wurin. Ina cikinsu, alhali ina da mata da 'ya'ya biyu a gida.

Wasan na faɗa ne. Kowa ya zaɓi mutuminsa daga hotunan da ke jere, a hau fili a yi ta dambe. Wannan bai taɓa burge ni ba, idona ba ya iya bin su. Amma a can cikinsa akwai wani ƙaramin wasa da ba ka faɗa da kowa. Za a ajiye maka buhun yashi a kan dandamali, da wani kulki a gefe wanda muka sa wa suna taɓarya. A ba ka ɗan lokaci kaɗan ka yi ta jibgar buhun ba tare da ka ture shi ƙasa ba. Yadda ya sha duka, haka yake ƙara sauƙin tashi. Gab da lokaci zai ƙare sai ka ɗauki taɓarya ka kai masa bugu ɗaya. In ka dace, wata ƙara ce za ta tashi kamar an doki ƙarfen jirgi, buhu ya yi sama ya bar filin, na'ura tana ƙirga nisan da ya yi har ya faɗi.

Na'urar lamba ɗaya tak take riƙewa a ƙarƙashin hoton kowane mutum, wato mafi nisa da aka taɓa yi da shi. In an wuce ta, sai ta goge tsohuwar ta rubuta sabuwa. Shi ya sa muka yi tsarinmu: kowa da mutuminsa. Mai shayin bakin layi yana da nasa, wani ɗan acaɓa yana da nasa, ni kuma nawa wani siriri ne mai takobi. Ba ka taɓa mutumin wani, kamar yadda ba ka zama a wurin wani a majalisa ko da bai fito ba.

Wanda ya fi mu duka wani malamin asibiti ne da ke aiki a babban asibitin koyarwa. Kirista ne, iyayensa mutanen kudu, amma a Kano aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Likita muke ce masa, shi kuma ya ce min Kafinta. In ya tashi daga aikin safe sai ya biyo da fararen kayansa, ya zauna a rumfata yana cin gyaɗa har in dawo daga sallar la'asar, sannan mu shiga. Mutuminsa wani ƙato ne mai baƙin sulke, mai nauyin jiki, wanda kowa ya raina sai shi.

A lokacin ban iya karatu ba. Sai da furfura ta fito min na shiga ajin yaƙi da jahilci. Lambobi na san su ɗaya-ɗaya saboda awon katako, amma in suka jeru da yawa har da ɗigo a tsakiya, sai su rikice min. Shi yake karanta min, kuma da salonsa.

"Likita, ina ya faɗi?"

"Ka yi ƙoƙari, Kafinta. Buhunka ya kai Daurawa."

"Naka fa?"

"Nawa ai ya wuce Na'ibawa, yana neman motar Zariya."

In na yi garaje na ture buhun ƙasa kafin lokaci, sai ya kama kai. "Haba! Haka kake buga ƙusa? Wallahi ba zan ƙara ba ka gyaran kujera ba." Daga nan ya karɓi fad ɗin, wato abin da ake riƙewa a hannu ana dannawa, ya nuna min a hankali. Bai taɓa ɓoye min dabara ba. Ni kuma mutum ne da ba ya gajiya da maimaita abu. Ina bin sa a baya, ina matsowa kaɗan-kaɗan, har wata rana ya duba lambata ya ce, "To, yanzu kam ina jin numfashinka a wuyana."

Sai shekarar da gari ya rikice, aka sa dokar hana fita. Da ƙura ta lafa na tafi aikin rufin wani gida a Babban Giji. Ranar da na dawo mai aski ya gaya min cewa Likita ya kwashe iyalinsa sun tafi kudu da sassafe. Ya leƙo rumfata bai same ni ba. Ba ni da waya a lokacin, shi ma bai bar adireshi ba.

Babu wanda ya zauna ya yanke hukunci, amma daga ranar babu mai zaɓar ƙaton nan mai baƙin sulke. In yaro ya kai hannu kansa, mai shayi zai daka masa tsawa: "Kai! Na Likita ne." Ni kuwa duk sanda na shiga sai na fara duba ƙarƙashin hoton. Ban iya karanta lambar ba, amma na san siffarta kamar yadda na san fuskar mai ita. Muddin tana nan, gani nake Likita fita kawai ya yi.

Haka muka zauna har wasu ɗaliban makarantar koyon jinya suka gano shagon. Samari ne masu kirki, suna gaisuwa, amma sun zo da abin da ba mu sani ba. A shagon intanet suka ga yadda ake yi: a riƙa sakin taɓarya a kan buhu ana cafewa, ana haɗawa da duka, har buhun ya jigata fiye da yadda muka taɓa gani. Tsarinmu na kowa da mutuminsa bai dame su ba. Suka share lambar mai shayi, suka share ta ɗan acaɓa, suka share tawa. Ban ji zafin tawa ba sosai. Ta Likita ce kaɗai ta rage, ita ma don mai aski yana hana su.

Babbansu wani dogo ne mai tabarau. Wata rana ya same ni a rumfa ina goge ƙofa.

"Baba Kafinta, don Allah ka sa baki. Saura ɗaya mu cike jerin."

"Mai ita ya yi tafiya. Ku yi haƙuri ya dawo."

"Baba, gem ne fa. Ba gado ba ne."

"Na sani. Ku dai yi haƙuri."

Na nemi wani katin na'urar, ɗan abin da take ajiye lambobi a ciki, don a cire na farkon a adana. Na zaga kasuwa, kowa ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Na ji an ce Likita zai zo bayan Kirsimeti, na roƙi arziki a jira. Kirsimeti ta wuce, bai zo ba. Na ce a jira bayan Babbar Sallah. A tsakanin nan ina zama a bayan samarin ina kallon yatsunsu, in sun tafi in gwada da siririna. Dabarar ta shiga hannuna a hankali, har na kai inda suke kaiwa.

Mai aski ne ya gaji. Wata ranar Asabar bayan la'asar, shago cike, ya kashe injin askinsa ya juyo.

"Kafinta, ni fa na gaji da zama ɗan sanda a shagona. Yaran nan su ne masu zuwa kullum. Yau za a taɓa lambar Likita. Amma kai ne amininsa, kai za ka fara. In ka karya, ta zauna a gida."

Mai shayi ya ce, "Gaskiya ne. Gara kai."

Aka miƙo min fad. Na zaɓi ƙaton, karo na farko a rayuwata. Yana da nauyi kamar yadda na zata, amma na daɗe ina kallon yadda mai shi yake tafiyar da shi, sai na ji kamar na saba. Na fara saki ina cafewa, ina duka. Buhun bai matsa daga tsakiyar dandamali ba. Na ji mai tabarau yana cewa ƙasa-ƙasa, "Kai, Baba ya iya fa." Na ɗauki taɓarya, na tsaya daidai inda ya kamata. Na san in na danna, lambar nan ta tafi, kuma da nisa.

Ban danna ba. Yatsana yana kan madannin, na bar lokaci ya ƙare. Buhun ya zauna a wurinsa.

"Subhanallahi!" in ji mai aski. "Me ya same ka?"

Na ce, "Ba zan iya ba." Na ajiye fad na fita.

A raina kara na yi. Mutum ya bar gari ba da son ransa ba, bai kamata a ce hannuna ne ya goge abin da ya bari ba. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma har na zauna a kan bencina ina ganin na kyauta. Ina nan zaune na ji ƙarar ƙarfen nan daga cikin shago, sai ihun samari. Ban shiga ba sai bayan kwanaki. Da na duba ƙarƙashin hoton, wata siffa ce daban, doguwa. Na tambayi mai aski ko ya riƙe tsohuwar a ka. Ya ce farkonta kawai yake tunawa.

Likita ya zo da bazara, ba zato. Ya zo karɓar takardunsa na aiki da sauran kayan da ya bari a gidan haya, washegari zai koma. Ya rame kaɗan. Muka rungume juna a bakin titi, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, na tambayi nasa. Bai ko zauna ba ya ja hannuna.

"Mu je in ga ɓarnar da ka yi."

Muka shiga. Mai aski ya kunna na'ura yana satar kallona. Likita ya kai kan ƙatonsa, ya sunkuya ya karanta, sai ya buga tsalle kamar yaro.

"Kafinta! Kai! Wannan ai ka tsallake ƙasar gaba ɗaya! Na sani! Na gaya wa matata, na ce mutumin nan ba zai bar ni in huta ba. Yaya ka yi? Nuna min!"

Na ce, "Ba ni ba ne."

Ya tsaya da murmushin a fuskarsa. "Wane ne?"

"Wani ɗalibi ne. Ba ka san shi ba."

Mai aski ya ba shi labarin duka, har da yadda na tsaya da taɓarya a hannu. Yana ba da shi ne don ya yabe ni. Likita yana saurare, yana kallon talabijin.

"Wato ka kai, ka ƙi bugawa."

"Na ga ba ka nan."

"To ai shi ya sa." Ya ja kujerar aski ya zauna. "Ka san a can ba ni da abokin wasa? In na tashi daga aiki sai in zauna in ce, yanzu Kafinta ya idar da la'asar, yanzu yana can yana fama da lambata. Har lissafi nake yi, in ce wannan watan ya kusa, wata mai zuwa zai wuce. Duk abin da na koya maka, don me na koya maka?"

Na ce masa a wurinmu girmamawa ce. Ya ce ya sani, a nan aka haife shi, ba sai na fassara masa ba. Bai yi fushi ba, da ma ya yi, da ya fi min sauƙi. Ya ƙara duban lambar ya ce, "Yaron ya iya," da muryar da yake yi wa marasa lafiya magana.

Mai aski ya ce mu buga ko sau ɗaya ne, don tuna baya. Likita ya karɓi fad, ya gwada, hannunsa ya kwana biyu, ya ture buhun ƙasa tun kafin ya ɗauki taɓarya. Ya yi dariya ya miƙo min. Na riƙe, amma yanzu ko na wuce, lambar wani yaro zan wuce, wanda ba ruwansa da ni ba ruwana da shi. Na mayar wa mai aski.

Na raka shi bakin titi. Muka tsaya muna maganar tsadar siminti da makarantar yara, maganar da ba ita ce a ranmu ba. Ya tsayar da ɗan acaɓa, ya ɗora jakarsa a cinya. Na ce ya gaida gida, ya ce za su ji. Har mashin ya fara tafiya ya sa aka tsaya, ya juyo.

"Da ka buga, a ganinka da ka wuce ta yaron?"

Na ce, "Ban sani ba. Taka dai da na wuce."

Ya gyaɗa kai, ya taɓa kafaɗar ɗan acaɓan, suka shiga cikin motoci. Ban sake ganinsa ba.